Daga Fayil ɗin Hafsa Zuwa Sunan Kurtu: Binciken Takardun Aikin Mayaƙan Yaƙin Duniya na Biyu a Ƙasar Sakkwato



Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake binciken takardun aikin hafsoshin jiragen sama na sojan ruwan Ingila a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, da yadda za a ari dabarar a nemo mutanenmu da suka yi yaƙin, musamman na karkarar Shagari da Boɗinga. Hujjarta ita ce, gwamnatin mallaka ta ajiye tarihin hafsa da sunansa, ta ajiye na kurtu da lamba a ƙarƙashin hafsan. Saboda haka mai neman kurtu, ta kan hafsa zai bi.

Jiragen da suka ratsa samaniyarmu

Za a iya tambaya, me ya haɗa mutumin ƙauyen Horo Birni, wanda bai taɓa ganin teku ba, da matuƙan jiragen sojan ruwa? Amsar tana cikin shekarar 1940. A watan Yuni na wannan shekara Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Rundunarta da ke Masar tana bukatar jiragen yaƙi, kewayawa ta ƙarshen kudancin Afirka kuwa tana cin makonni. Sai aka koma ga wata hanya da aka riga aka gwada tun Nuwamban 1925, lokacin da Arthur Coningham ya jagoranci jirage uku daga Masar suka sauka a Kano, saukar jirgin sama ta farko a garin.

Tsarin shi ne a kawo jirage ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su, sannan su tashi zango-zango: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, El Geneina, El Fasher, Hartum, har Masar. Rukunin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi wannan hanya. Abin da ya sa ta yiwu shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, a Agustan 1940. Nijar kuwa ta zauna a hannun gwamnatin Faransa ta Vichy, wadda ta sallama wa Jamus, har ƙarshen 1942, don haka iyakar Lardin Sakkwato ta wajen Illela da Birnin Ƙonni ta zama iyakar da ake tsaro da sa ido.

Sojan ruwa sun shigo labarin ne ta wajen dako. Manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama, Argus a Satumban 1940 da Furious a Nuwamba, su ne suka kawo wasu daga cikin jiragen Hurricane zuwa Takoradi. A ƙarshen yaƙin ma an sake haɗuwa a wani fagen. A Janairun 1945, lokacin da runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda mutanenmu ke ciki, suke kama Myohaung a yankin Arakan na ƙasar Bama, jiragen Hellcat na rukuni na 804 suna tashi daga kan jirgin ruwa Ameer suna kare saukar sojojin Indiya a tsibirin Ramree, a gaɓar wannan yanki. Yaƙi ɗaya ne, wata ɗaya, lardi ɗaya. Amma takardun da ɓangarorin biyu suka bari ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Yadda ake bin sawun hafsa

Binciken hafsan jirgin sama na sojan ruwa yana da tasa wahalar, kuma ya kamata a faɗe ta. Sashen jiragen sama na sojan ruwan Ingila ya sha canjin uban gida. An haɗe shi da na sojan ƙasa a ranar 1 ga Afrilu 1918 aka kafa rundunar sojan sama. A 1924 aka ware masa reshe a cikin sojan saman, bai kuma koma hannun hukumar sojan ruwa gaba ɗaya ba sai 24 ga Mayu 1939, watanni kaɗan kafin yaƙi. Saboda haka hafsan da ke tuƙi a 1940 yana iya kasancewa cikakken sojan ruwa, ko ɗan sa-kai na rundunar ko-ta-kwana, ko wanda ya fara aiki a sojan sama. Kowane rukuni da inda takardunsa suke.

Duk da haka hanya a buɗe take. Akwai littafin jerin hafsoshi, Navy List, wanda ke ba da suna da muƙami da ranar samun muƙamin da jirgin da mutum yake. Akwai jaridar gwamnati, London Gazette, inda ake buga naɗi da lambobin yabo. A gidan adana takardu na Kew a Landan, jerin ADM 196 da ADM 340 suna ɗauke da takardun aikin hafsoshi, ADM 207 yana ɗauke da kundayen rukunonin jiragen sama, ADM 53 kuma littattafan tafiyar jiragen ruwa ne na kullum. Gidan tarihin rundunar da ke Yeovilton yana da nasa taskar. Sannan kowane matuƙi yana da littafin tashi da sauka na kansa, wanda iyalai da yawa suka adana.

Wani abu da ke rikita sabon mai bincike shi ne sojan ruwa suna ba sansanin tudu sunan jirgin ruwa. Wanda aka rubuta yana Grebe, a filin jirgin Dekheila kusa da Iskandariya yake. Wanda aka rubuta yana Spurwing, a Hastings ta Saliyo yake. Idan an gane wannan, sai a jera sunayen da ranakunsu, tafiyar mutum ta fito wata bayan wata.

Darasin da na ɗauka daga masu wannan bincike shi ne ba sa dogara ga fayil guda. Fayil ɗin mutum yakan zama gajere, 'yan layuka na canjin wurin aiki da ra'ayin shugabansa. Abin da ke cika shi su ne takardun ƙungiyar da ya yi aiki a ciki. Suna gano rukuninsa da ranar, sannan su buɗe kundin rukunin su ga abin da ya faru a ranar. Wannan dabara ce muke bukata, domin mu abin da ya rage mana ke nan.

Halin da kurtu yake ciki

Fiye da 'yan Nijeriya 100,000 suka sa kakin soja a wannan yaƙi, kuma Arewa ta ba da kaso mai yawa na 'yan bindiga. Birged ɗin Nijeriya ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta wuce Harar a ƙasar Habasha a Maris. Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Nijeriya an haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944. Sunayen barikokinmu har yau suna shaida: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Dodan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan.

A duk waɗannan bataliyoyi babu hafsa ɗan Nijeriya ko ɗaya. Hafsoshin Turawan Ingila ne, da na Rodeshiya, da wasu 'yan Poland da aka aro. Seth Anthony na Gana ya samu muƙamin hafsa a 1942, amma a sojan ƙasa na Nijeriya sai bayan yaƙi, da Louis Ugboma a 1948 da Wellington Bassey a 1949, Zakariya Maimalari kuma a 1953. Iyakar mutumin Sakkwato a lokacin ita ce samanja. Misalin Peter Thomas na Legas yana nuna bambancin a fili. Ya shiga sojan saman Ingila, ya zama matuƙi kuma hafsa a 1942, ya rasu a haɗarin jirgi a Janairun 1945. Da yake ya zama hafsa, ana iya bin tarihin aikinsa a takarda kamar na kowane Bature. Ba launin fata kaɗai ya raba takardun ba, har da muƙami, sai dai launin fatar ne ya hana muƙamin.

Matsala ta farko ga mai neman kurtu ita ce suna. Magatakardan ɗaukar soja ba ya rubuta sunan uba a mafi yawan lokuta. Yakan rubuta sunan yanka ya haɗa da sunan gari ko ƙabila, kuma babban gari yake zaɓa. Saurayin da ya fito daga Horo Birni ko Kajiji ko Jaredi ko Sifawa, da wuya ƙauyensa ya shiga rajista. Zai zama wane Sakkwato, in ya yi sa'a wane Yabo. A bataliya guda ana iya samun masu suna ɗaya da dama, lamba kaɗai ke raba su. Ƙari a kan haka, wasu sun shiga da sunan aro don gudun iyaye ko bashi ko wata rigima, wasu kuma daga ƙasar Faransa suka tsallako suka ce su 'yan Sakkwato ne. Rubutun bokon sunayen ma bai zauna a kan ƙa'ida ɗaya ba. Muhammadu yana fitowa Momodu ko Mamadu ko Mama, Abubakar yana fitowa Bukar ko Garba ko Bakari.

Matsala ta biyu, takardun ɗaukar waɗanda aka ɗauka a nan ba a kai su Landan ba, an bar su a hannun rundunar ƙasa. Don haka aikin da ma'aikatar tsaron Ingila ta fara a 2021 na miƙa takardun aiki kusan miliyan goma ga gidan Kew, alherinsa ga jikokin hafsoshin ne ya fi tafiya. Matsala ta uku, lambobin yaƙi da aka raba, tauraron Bama da tauraron Afirka da sauransu, yawanci ba a zana sunan mai su a jiki ba. Lambar da ke cikin akwatin gida tana tabbatar da fagen da mutum ya je, amma ba ta faɗin bataliyarsa.

Bi ta kan hafsa

Tsohon soja kan manta shekara, ya manta sunan kogi, amma da wuya ya manta lambarsa da Baturen kamfaninsa. Wannan ya samo asali ne daga yadda aka gina rundunar. Lambar ita ake kira wajen albashi da fareti, ana sa shi ya haddace ta tun yana kurtu a Zariya. Baturen kuwa da Hausa yake ba da umarni, domin Hausa ce harshen aiki a rundunar Nijeriya kuma ana yi wa hafsoshi jarrabawarta. Sojoji kan laƙaba wa hafsansu suna, su sa shi a waƙa, su ba 'ya'yansu labarinsa. Yanzu da kusan duk 'yan mazan jiyan suka riga mu gidan gaskiya, waɗannan abubuwa biyu su ne suka fi saura a bakin 'ya'ya da matan da suka bari.

Idan aka samu sunan hafsa, ko da a karye ne yadda bakin Bahaushe ya furta shi, aiki ya samu kan zare. Littafin jerin hafsoshin sojan ƙasa da London Gazette za su nuna an aro shi zuwa rundunar Afirka ta Yamma. Kundin yaƙi na bataliya, wanda doka ta sa a rubuta kullum, yakan zo da jerin hafsoshinta, don haka za a gane bataliya da kamfani. Waɗannan kundaye suna Kew: WO 173 na rundunar Afirka ta Yamma tun tana gida, WO 169 ya ƙunshi yaƙin gabashin Afirka, WO 172 na Indiya da Bama. Da an san kamfani, an san inda mutuminmu ya kwana a kowane dare na yaƙin, ko da ba a ambaci sunansa ba. Wani lokaci kuma ana ambata, musamman idan ya ji rauni ko ya ɓace ko ya rasu ko an ƙara masa igiya.

Jerin WO 373 ya cancanci kulawa ta musamman. A nan ake ajiye takardun da hafsoshi suka rubuta suna neman a ba wani lambar bajinta. Kowace takarda tana da lambar soja da suna da bataliya da bayanin abin da mutum ya yi da ranar da wurin. A nan ne kurtu da kofur da saje na Nijeriya suke fitowa a matsayin mutane masu aiki da hankali da zuciya, kuma ana iya neman su ta intanet da suna. Ina ba ɗalibanmu shawara su nemi sunayen garuruwanmu a wurin sunan mahaifi: Sokoto, Yabo, Gwandu, Argungu, Gusau, Tambawel da sauran rubuce-rubucen da Bature zai iya yi.

Takardun sojan sama su ma suna da amfani a nan, kuma wannan ɓangare ne da masana tarihinmu ba su taɓa sosai ba. Runduna ta 81 a Kaladan ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar gaba ɗaya daga sama. Jiragen Dakota ke sako abinci da harsashi da lema, sojojinmu da 'yan dakonsu su share fili su tattara, su sassare daji su yi filin saukar ƙananan jirage masu kwashe majinyata. Su ne kuma suka fasa hanyar jif ta kimanin mil 75 cikin duwatsu don shiga kwarin. Kundayen rukunonin sojan sama a jerin AIR 27 suna rubuta ranar kowace tafiya da wurin da aka nufa. Idan tsoho ya bar labarin cewa an ɗauke shi a jirgi bayan ya ji rauni, ana iya gwada labarin da kundin bataliya da na rukunin jirage a ga inda suka haɗu. Haka nan kundayen tashoshin jirage a jerin AIR 28 su ne wurin neman labarin filayen Kano da Maiduguri, inda leburori da masu gadi da direbobi 'yan ƙasa suka yi aiki.

Littattafan da Turawan rundunar suka rubuta bayan yaƙi su ne mataki na gaba. The March Out na James Shaw, 1953, da Chindit Column na Charles Carfrae, 1985, duk a kan bataliyoyin Nijeriya na cikin Chindit suke. War Bush na John Hamilton, 2001, tarihin runduna ta 81 ne daga wanda ya yi aiki a cikinta. Suna ambaton sojojinsu da suna, kuma a wasu wurare da ƙauna ta gaskiya. Amma dole a karanta su da lura. Hafsa yana ganin abin da ke gabansa, yana fassara shi da tunanin zamaninsa game da baƙar fata, kuma abin da sojoji ke faɗa a tsakaninsu bayan ya juya baya bai kai kunnensa ba. Bambancin albashi da bulalar horo da yadda aka matsa wa sarakuna su kawo mutane, a ayyukan C. N. Ubah da David Killingray aka fi samun su, da kuma labarin Isaac Fadoyebo wanda soja ne ya rubuta da hannunsa. Hafsa hanya ce ta kai wa ga kurtu, bai kamata ya zama mai magana da yawunsa ba.

Abin da ke gida

Ba komai ne yake Landan ba. Ɗaukar soja a Lardin Sakkwato ta hannun En'e aka yi ta, a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku wanda ya hau a 1938, daga Razdan zuwa fada, daga fada zuwa uwayen ƙasa, daga su zuwa hakimai da masu unguwa. Duk abin da ya bi wannan tsani ya bar takarda. A gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, fayilolin SOKPROF da na ofishin sakataren lardunan Arewa su ne wurin neman rahotannin shekara da wasiƙun ɗaukar soja da kuɗin da sojoji ke aiko wa iyali da batun sallama da neman aiki bayan dokar samar wa tsofaffin sojoji aiki ta 1945. Amfanin takardun En'e shi ne su da gunduma da ƙauye suke aiki, tunda haraji da ƙauye ake karɓarsa. Sunan Horo Birni da rajistar soja ta haɗiye, a irin waɗannan takardu ya fi yiwuwa ya fito. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara a Janairun 1939 ta kuma bi labarin yaƙin da Hausa, da rajistar ƙungiyar 'yan mazan jiya a ƙananan hukumomi.

Wajibi ne mai tambaya a ƙauye ya rarrabe abu biyu. Idan aka ce an ɗauki wane lokacin yaƙin Hitila, ba lalle soja ya tafi ba. Tsakanin 1942 da 1944 an yi ɗiban gwamna, aka kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa kuma ba su dawo ba. Su ma tarihinsu abin bincike ne, amma fayilolinsu daban suke.

Ga wanda bai dawo daga Bama ba, rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ita ce mafari. Allon tunawa na Rangoon a maƙabartar Taukkyan yana ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu da na rundunar Afirka ta Yamma, kowanne kuma da lamba da ranar rasuwa a cikin rajistar. Hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na Afrilun 2021 cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a tuna da su da suna ba. Rajistar yaƙi na biyu ta fi cika, sai dai sau da yawa gurbin iyaye da gari a wofi yake. Iyali a Shagari ko Boɗinga ne kaɗai za su iya cike wannan gurbi, in an haɗa lambar da ke hannunsu da wadda ke cikin rajistar.

Shi ya sa nake ganin aikin da ya fi gaggawa ba ya bukatar biza. Takardar sallama, ƙaramin littafin da aka ba kowane soja ranar da aka sake shi, ita ce mafi daraja a duk abin da na lissafa, domin a cikinta ake samun lamba da ranar shiga da ta fita da inda ya yi aiki da sa hannun hafsa. Tana cikin adaka ko ƙarƙashin gado ko naɗe cikin gafaka tare da takardun gona, gara da ɗigar daminar kowace shekara suna rage ta. Ɗalibin sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo wanda ya fito daga gundumar, da wayar hannu da izinin uban ƙasa da yardar masu gida, zai iya ɗaukar hoton kowane shafi ya mayar wa masu ita abarsu a take. Ya rubuta sunan yanka da na uba da laƙabi da sunan da aka san shi da shi a soja, ya ɗauki muryar mai ba da labari yadda ya furta sunan Baturen da sunayen wurare, ba tare da ya gyara masa ba. A ajiye kwafi a Sakkwato, a ajiye wani a hedikwatar ƙaramar hukuma.

Irin wannan aiki yana jiran wani rukuni na kusa da mu. Rundunar sojan saman Nijeriya an kafa ta a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, shekara uku kacal kafin yaƙin basasa, kuma hafsoshinta na farko sun shiga yaƙi suna samari, shugabansu Kanar Shittu Alao ya rasu a haɗarin jirgi a Oktoban 1969. Wasu daga cikinsu da makanikansu suna raye a Kaduna da Kano da Sakkwato, littattafan tashi da saukarsu suna hannunsu, kuma za su iya karanta wa mai bincike kowane layi su faɗi wanda ke tare da su a jirgin.